Kofin Ruwa a Kan Inji

Ina zaune a gareji ina jiran a duba tsohuwar motata, sai ga wani dattijo siriri da doguwar baƙar mota. Agogonsa ma ya yi masa yawa.

Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, me ke damunta?"

"Lafiyarta ƙalau. Silinda takwas gare ta, tayoyin baya ke tura ta. Ku zo ku gani."

Ya ɗora kofin ruwa a kan injin yana aiki. Ruwan ko gezau bai yi ba. Yana murmushi, yana bin fuskokinmu da kallo. Wataƙila a gida 'ya'yansa sun gaji da wannan wasa, babu mai kula shi. Da haka dai nake lallashin kaina. Tawa kuwa, in na tayar da ita, har haƙorana kaɗawa suke.