Kawu Ya So Shiga Littafin Yaya

Yayata ma'aikaciya ce a wani shagon buga takardu, ita ke tsara katin gayyata da fostar makarantu. Amma in ka tambaye ni, ainihin aikinta zanen labari ne, irin wanda ake raba shafi gida-gida, a rubuta maganar kowa a saman kansa. Shekara shida ta yi tana zana littafi ɗaya a kan teburin yankan takarda, lokacin da abokan aikinta suka fita cin abincin rana. Yatsunta kullum baƙi ƙirin da tawada, har Umma ta gaji da faɗa ta zuba mata ido.

Labarin wata tsohuwa ne mai sharar titi, wadda ta gano masu toshe magudanar ruwan unguwarsu da bola, ta tsaya kai da fata sai da aka gyara. Da Yaya ta kammala, ba kamfanin buga littattafai da ya ko kalle ta. Sai ta buɗe shafin neman gudummawa a intanet. Dokar shafin kuwa, in ba a cika abin da aka nema cikin kwana talatin ba, kowa a mayar masa da nasa. Ita kuma ta yi alkawarin duk wanda ya ba da wani abu, komai ƙanƙantarsa, za ta zana fuskarsa cikin taron jama'ar da ke shafin ƙarshe.

Mutane suka yi ta turo hotuna: tela, malamar asibiti, direban bas, ɗalibai. Ta zana su yadda Allah ya yi su, mai giɓi da giɓinsa, mai sanƙo da sanƙonsa, ba wanda ya yi ƙorafi. Saura kwana uku, abin bai cika ba.

Nan Kawu ya shigo, ƙanen Umma, ɗan kwangila, mutumin da tun Yaya tana firamare yake kiran zanenta wasan yara. Ya rubuta a rukunin dangi na waya cewa shi zai cike ragowar. Aka yi ta sa masa albarka, har da ni, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Washegari ya kira ta ofis. Ya jujjuya shafukan da yatsa ɗaya, ko karantawa bai yi ba, ya ce shi ba zai tsaya cikin taro kusa da direban bas ba. Wai a ƙara shafi biyu: wani attajiri mai fuskarsa ya iso da mota, ya sa a gyara magudanar, tsohuwa ta durƙusa ta yi godiya.

"Kawu, ai labarin nata ne," in ji Yaya. "In wani ya zo ya gyara mata, ita me ta yi ke nan?"

"Ke, mai shara ce fa. Wa zai sayi littafin mai shara?"

Ta ce za ta sa shi a sahun gaba, da tabarau da agogonsa, har tumbin ma za ta rage masa. Ya ce shi ba ya ciniki da 'yar yayarsa. A gida Umma ta ja ta ɗaki ta lallashe ta, ta ce shafi biyu ne kawai, kar ta ɓata zumunci a kan takarda. Yaya ba ta ƙara ko layi ɗaya ba. Kawu ya fasa bayarwa, wa'adi ya cika, aka mayar wa kowa nasa.

Abin da ke ƙona min rai, a dangi ita ce mai laifi. Kawu na yawo yana cewa ya so ya taimaki yarinya, taurin kai ya ja mata. Ba wanda ya buɗe baki ya tambaye shi tun yaushe taimako ya koma sayen kujera a labarin wani. Baƙin da ba su taɓa ganin ta ba sun bayar ba sharaɗi, namu na jini ne ya zo da nasa.

Makon jiya ina shagon sai ga direban bas ɗin nan. Ya ce ya ga kuɗinsa sun dawo, ko shi ne ya yi kuskure wajen turawa? Yaya ta ce masa ba laifinsa ba ne. Ta ɗauko shafin ƙarshe daga cikin kwali ta shimfiɗa masa. Ya daɗe yana bin fuskoki da yatsa kafin ya ga tasa, ya fashe da dariya. Ya ce ya gaya wa 'ya'yansa yana cikin littafi, sun ce zolaya ce, don haka ya nemi izini ya ɗauki hoto da waya.

"To malama, yaushe zai fito?"

"Ban sani ba tukuna, Baba."

Ya ce ba komai, in ta sake buɗe shafin ta sanar da shi, shi yana nan. Sai da ya fita ta zagaya bayan injin ta yi kuka.