Hayaƙin da Ya Kusa Sauke Malam Ɗantani

Ko na manta da komai a aikin kanikanci, ba zan manta da ranar da aka karɓe makullin mota daga hannun Malam Ɗantani ba. A lokacin ni ne shugaban gareji a wani kamfanin casar shinkafa da ke wajen Gwadangaji, nan Birnin Kebbi. Watan Nuwamba ne, kaka ta kankama, motocinmu ba sa hutawa. Su gangara fadamar Zauro, su je Argungu, su kwaso shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su kawo inji.

Malam Ɗantani shi ne babban direbanmu. Dattijo ne, ya fara tuƙi tun ina koyon riƙe sifana, kuma shi ke ja mana salla duk ranar da liman bai zo ba. Ga tsabta har ta yi yawa. Gaban motarsa ya fi ɗakin wasunku kyau, kuma kun san kanku. Motar tasa tsohuwa ce mai hanci, mai shan gas, amma in ta ɗauki lodi ba ta jin kunyar kowa a hanya.

Ran nan da la'asar ya taso daga Argungu da kaya, sai motar ta saki kwalta a hankali ta gangara cikin wata gonar da aka girbe gero, ta tsaya. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Leburorin da ke bisa buhuna suka diro suka buɗe ƙofa, suka same shi ya kifa kai a sitiyari. Sai da aka yayyafa masa ruwa ya dawo hayyacinsa. Nan ne suka faɗa cewa ai sun kwana biyu suna ganin motar tana tangaɗi.

Ƙa'idar kamfaninmu ita ce, idan mota ta bar hanya, manaja zai karɓi makulli, a kawo motar gareji. Shugaban gareji zai duba birki da sitiyari da tayoyi, sa'an nan ya je gaban Alhaji mai kamfani ya faɗa da bakinsa ko laifin mota ne ko na direba. In na direba ne, ya sauka ke nan. Na duba duka, na sake dubawa. Birki lafiya, sitiyari lafiya.

Kafin gari ya waye magana ta zagaya. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu marasa kunya suka ce ai ƙwaya yake sha don ya jure zirga-zirgar kaka. Mutumin da suke bi salla! Da na ji wannan a wurin mai shayi, wallahi sai da na ajiye kofi na tashi, don in na zauna zan zagi wani.

Na same shi zaune a gindin dogon yaron da ke bayan gareji, ya zuba wa motarsa ido. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya, mi ka faruwa?"

Ya ce, "Bawa, ni ma ban sani ba. In za ni Argungu garau nike. In na ɗauko kaya na kamo hanya, sai kai shi fara sarawa, ido shi yi nauyi. Na tahi asibiti, an auna jini an ce lahiya lau. Ƙila dai shekaru ne sunka zo."

"In mota ba kaya fa?"

"Ba ni jin komi."

Tsufa dai bai san mota da lodi ko babu lodi ba. Na tashi na tafi ofishin Alhaji na roƙe shi kada ya yanke hukunci tukuna, ya ba ni motar in je Argungu da ita, ni a sitiyari, Malam Ɗantani a gefena. Ya dube ni ya ce in je.

Muna isa wurin lodi, tun ban kashe mota ba Malam Ɗantani ya ɗage gilashinsa ya ce in ɗage nawa. Wanda bai yi jigilar shanshera ba ba zai gane ba. Inda ake bugu da sheƙa, ƙaiƙayi ke tashi, kuma in ya shiga gaban mota ya shiga rigarka, ranar nan susa za ka yi har ka koma gida. Shi ya sa direbobin shinkafa duk suke tafiya a rufe. Amma shi Malam ya wuce kowa: ya yanka tsohon tib na taya ya manna a gefen ƙofofi don kada ko ɗigo ya shiga, ga kwalbar turare da yake fesawa a kujeru kullum.

Da aka gama lodi muka kamo hanya. Da na taka totur a wani ɗan hawa, sai na ji wani siririn fito daga bayan inji. Na tambaye shi, ya ce ai ya daɗe, ya ɗauka kukan turbo ne. Ba mu yi rabin hanya ba idona ya fara yaji, goshina ya ɗauki sara, hamma ta kama ni. A ƙarƙashin ƙamshin turaren nan akwai wani ɗaci a maƙogwaro. Na gangara gefe na buɗe ƙofa, na tsuguna a bakin hanya ina shaƙar iska kamar wanda ya fito daga rijiya. Ban taɓa murna da ciwon kai ba sai ranar.

Da muka dawo da gilashi a sauke, na bari inji ya huce na leƙa bayansa da tocila. Bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman direba ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba kanikawa ba. Injin gas irin wannan yana da turbo, wato wata 'yar fanka da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta tura iska cikin inji ya ƙara ƙarfi. Akwai fayif biyu, hagu da dama, da ke ɗaukar hayaƙin yana da zafinsa su hau da shi zuwa turbo. Mu fayif ɗin turbo muke ce musu. Na dama ya tsage kusa da wata tsohuwar walda, na hagu kuma zoben bakinsa ya cinye. In mota ba kaya, hayaƙin da ke tsira kaɗan ne. In ta ɗauki lodi aka taka ta, sai ya riƙa fesowa jikin bangon nan, ya bi ramin waya da ramin feda ya shiga inda mutum ya rufe kansa ruf.

Na kai wa Alhaji magana. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Na ji, Bawa, kuma ina fata hakan ne. Amma rayukan mutane ne bisa motag ga. Gyara ta, in maida mashi makulli. In ya sake gyangyaɗi ko sau guda, ko ɗan'uwana ne sai ya sauka." Ban ga laifinsa ba. Amma na fita na san abin da ke kaina: duk fayif ɗin da na ɗaura, in ya sake tsagewa ba wanda zai ce ƙarfe ne. Za a ce tsoho ne, ko a ce ƙwaya ce.

Manaja ya ce a kira mai walda a gama yau. Na ce a'a. Ƙarfen ya riga ya cinye, walda za ta riƙe 'yan tafiye-tafiye ta tsage a gefenta. Toshe ramuka ma zan yi, amma tsohuwar mota ba ta toshuwa duka, gara a kashe hayaƙin daga inda yake fita.

Na ɗauki tsofaffin fayif ɗin na hau mashin zuwa shagon Cika, wanda muke sayen kayan gyara a wurinsa cikin gari. Na kamfanin da ya ƙera motar ba a samunsa sabo, sai na wasu maƙeran. Cika ya fito da iri uku ya jera a kan benci.

Na farko yana ta walƙiya kamar sabon kwanon amarya. Na ɗaga shi, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa da sifana ya yi kukan gwangwani. Cika ya ce, "Wanga shi aka saye, Oga Bawa, kowa shi yake ɗauka."

Na ce, "To kowa ya ci gaba da ɗauka."

Na biyu na hannu ne, an ciro shi daga wata mota a ƙasar waje. Ƙarfe mai kyau, ba ƙarya. Sai dai ƙirarsa ɗaya da wanda ya kashe mu: sanda ce miƙaƙƙiya mai zobe a baki. Ƙarfe in ya yi zafi yana miƙewa, in ya huce ya koma, kullum yana goga zoben nan har ya cinye. A ƙasarsu ƙila ya daɗe. Mu kuwa motarmu za ta bi gargadar fadama tana jijjiga, ta faɗa ruwa inji na tafasa. Ban san kuma shekarun da ya riga ya yi a can ba.

Na uku ba shi da kyan gani ko kaɗan, fari-fari dishi-dishi, ga nauyi. Amma irin ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma a tsakiyarsa akwai wuri mai ninki-ninki kamar maƙogwaron rago, wanda ke ba shi damar miƙewa da komawa ba tare da ya ja bakinsa ba. Na leƙa ciki na ga an yi wa ninkin shafi na biyu don wuta kada ta ci shi. Na sa Cika ya kawo gilashin taga, na kifa bakin fayif ɗin a kai na duba ko haske zai wuce ta ƙasa. Bai wuce ba, ya zauna daram. Na gwada mai walƙiyar, sai ga shi yana rawa. Na auna tsawo da ramukan noti da tsohon, suka yi daidai.

Na ce wannan nake so, hagu da dama. Cika ya sosa ƙeya ya ce na hagu kaɗai gare shi, na dama sai an aiko daga Kano, kuma ba yau ba, ba gobe ba.

Nan aka taso ni a gaba. Manaja ya ce shinkafa na zube a Argungu, masu gona na kiran waya, in haɗa mai kyau a hagu da mai walƙiya a dama mana. Shi ma aikinsa yake karewa. Na ce masa, "Manaja, in wancan za a ɗaura, ga sifana, a nemo mai ɗaurawa. Hannuna ba shi taɓa shi." Muka yi sama-sama har Alhaji ya ji, ya ce a ɗauki hayar mota ta riƙe hanyar, a bar ni da garejina.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Malam Ɗantani da kansa. Kullum zai zo da safe cikin wankakkun kaya ya zauna, yara na wucewa suna kallonsa. Rannan ya matso ya rage murya ya ce, "Bawa, ɗaura ko wane iri ne. Zaman ga shina ci na. Ni dai in koma bisa hanya."

Tausayi ya kama ni har na kasa duban fuskarsa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Dama guda anka ba mu. Ban kashe ta kan gwangwani."

Da na dama ya iso na ɗaura su biyun da hannuna, da sabon gasket mai liƙe mahaɗa da sababbin notuna, ina ɗaure wannan kaɗan in koma wancan don baki ya zauna daidai. Na tada inji yana da sanyi na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ba kumfa ko ɗaya. Na bari ya yi zafi ya huce na sake bin notunan. Na toshe ramukan bango da roba, na kuma ce wa Malam daga yau ya riƙa barin gilashi da faɗin yatsa, ƙaiƙayi bai taɓa kashe kowa ba.

Ranar gwaji Alhaji ya ba mu mamaki. Ya bar motarsa mai sanyi ya hau gaban babbar mota kusa da Malam Ɗantani, ya ce a je Argungu a yi cikakken lodi, kuma a dawo da gilashi a rufe yadda aka saba, yana so ya ji da kansa. Ni na zauna a gareji na kasa cin abinci.

Bayan azahar suka shigo. Alhaji ya sauko ya sa aka tara direbobi da leburori. Ya ce, "Na tahi na dawo, kaina garau, direbana garau. Mota ce ba ta da lahiya. Malam Ɗantani, ka yahe mini. Wanda duk yac ce ƙwaya, shi ma shi zo shi nemi gahwara." Na ga wasu sun sunkuyar da kai, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har cikin raina.

Da kowa ya watse Malam ya zo gareji ya kama hannuna duk da baƙin mai. Ya ce, "Bawa, maganar mutane ba ita tac ci ni ba. Ni kaina na yarda na ƙare. Har na gaya ma iyali su shirya, aiki ya ƙare." Ya saki hannuna ya tafi alwala.

To ku da kuke zuwa kasuwa sayen kaya yanzu, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kafin ka ce a ba ka wannan ko wancan, ka tuna hanyar da motar za ta bi, ka tuna mutumin da zai zauna a bayan ƙarfen. In kayanka suka gaza, sau da yawa ba kai za a zarga ba, shi za a zarga, kuma yana iya yarda. Malam Ɗantani ya yi shekaru yana tuƙi bayan wannan. Ranar da ya gaji, shi ya shiga ofis da ƙafarsa ya ajiye makulli, ba wanda ya karɓa daga hannunsa.