Yadda Shanun Hama Suka Daɓe wa Abarci Tafki

Tun Nasara ba su zo ba, tun Dakoro ba ta zama gari ba, akwai wata ƴar tunga yamma da inda Ɗan Gulbi yake yanzu. Can aka haifi Abarci, can kuma ya tsufa. Gajere ne mai faɗin ƙafa, muryarsa ta fi jikinsa girma. In ya daka wa jakinsa tsawa a bakin tafki, matan da ke daka cikin gari sai su ce, "To, Abarci ya isa lambu."

Arzikin tungar duka tafkin nan ne. Damina ta cika shi, ya riƙe ruwa har bazara, magidanta su kafa jigo a bakinsa suna zuba wa fangalin albasa da taba da ɗan barkono. Gero ne abinci, amma albasa ce gishiri da tufafi, don da ita ake musaya in ayarin Buzaye ya biyo. Albasar Abarci ta fi ta kowa, ya san haka, kuma ba ya bari a manta.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai: shanun wani Bafillace mai suna Hama, waɗanda tun zamanin iyayensu a tafkin suke sha. Su kutsa har tsakiya, su dama laka, su yi kashi a ciki. Akwai wata jar saniya ma da ta iya miƙa wuya ta tsinke ganyen albasa. Ranar da ta cinye masa fangali guda, Abarci ya tara mutane a ƙofar mai gari Isufu, bai yi shiru ba sai da aka yarda a kewaye tafkin da shingen ƙaya. Shi ya saro ƙayar farko. Hama ya zo ya dubi shingen, ya gitta sandarsa a kafaɗa, ya kira Abarci yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, ka kyauta wa albasa." Ya kora garkensa arewa, wajen Bader Gula.

Shekarar farko ruwa garau, har Abarci yana ɗiba a ƙwarya yana nuna wa baƙi. Daga nan abu ya fara lalacewa. Iska ta riƙa tara rairayi a jikin ƙayar har ya toshe ƙoramar da ke kawo ruwa. Abarci ya kira gayya aka kwashe rairayin, damina ta sake cika tafkin, amma ruwan ya ƙi zama. Ƙasan tafkin ya tsattsage, ruwa ya tsiyaye tun ba a gama ɗaure dammunan gero ba. Albasa ta tsaya kamar ƴaƴan kurna, fangali suka koma fako. Wasu gidaje suka tashi suka yi kudu. Isufu ya ce in rani mai zuwa ma haka ne, kowa ya ɗaure kayansa a bar tungar.

Abarci ba ya son tashi. Lambun nan ubansa ya share shi, shi kuwa ban da ban-ruwa bai iya komai ba, ko noman gero da ƙyar yake yi.

Wata rana da hantsi ya dawo gida ya tarar da matarsa Zalika da maƙwabta suna daɓen sabon ɗaki, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suna dukan ƙasa da madaɓi. Ya tsaya a ƙofa yana gunaguni, wai ruwa ya yi wuya su kuma suna zubarwa.

"Maigida, matso ka gani in ya zube," in ji Zalika. Ta tsiyaya ludayi guda a inda suka gama daɓewa. Ruwan ya kwanta a sama, bai shige ba. Ta ce, "Tafkin naka wa ke daɓe shi?"

"Tafki ɗaki ne da za a daɓe?"

"Ni dai da can ina ganin masu daɓe, ƙafa hurhuɗu, har da makubarsu suke zuwa. Kai ka kore su."

Mata suka fashe da dariya, wata tsohuwa har da guɗa. Abarci ya juya ya yi tafiyarsa. An ce wannan ce rana ɗaya da aka ga maganarsa ta ƙare.

Da bazara ta kama, ya ɗora wa jaki taikin gero ya bi arewa yana tambaya, har ya sami Hama zaune a inuwar aduwa yana tufka igiya.

"A'a, Kaɗo! Albasa ta sake ka kana yawo?"

"Gaishe ka na zo yi."

"Gaisuwa da taiki? Faɗi dai."

"Shanunka nake so su dawo."

"Su taka maka ruwa?"

"Su taka."

"Su yi kashi ciki?"

"Su yi. Da yawa ma."

"Jar saniyar fa? Ta haihu, ƴar ta fi uwar son albasa."

Abarci ya ce, "Ita ma ta zo."

Hama ya yi dariya har igiyar ta faɗi daga hannunsa. Sharaɗi biyu ya kafa: a bar wa shanu burtali daga daji har bakin ruwa, kuma wanda ya saro ƙayar farko shi zai cire ta. Haka aka yi. Ƙayar da aka cire sai kowa ya kewaye lambunsa da ita, abin da ya kamata a yi tun farko.

Ruwan shuka yana sauka, garken ya iso. Laka na da taushi, aka riƙa zagayawa da shanun cikin tafkin, Hama na kira ta gaba, Abarci na tsawa ta baya, taɓo har ƙugu, Zalika da mata a gefe suna rera musu waƙar daɓe. Kofato ya haɗe tsagar ƙasa, kashin shanu ya liƙe sauran. A shekarar, sanyi ya zo ya wuce da ruwa a tafkin, jigo bai daina kuka ba sai da aka cire albasa. Isufu bai sake zancen tashi ba, waɗanda suka yi kudu ma wasunsu suka dawo.

Abarci ya yi tsawon rai, har idonsa ya yi rauni, amma muryar ba ta ragu ba. Kowane rani sai wata jar saniya daga zuriyar waccan ta sami kafa a shingensa, sai a ji tsawarsa har cikin gari. Zalika takan ce wa masu daka, "Ku ƙyale shi, yana sallamar masu daɓe ne." Jikokinsa sun ce ko da ya ɗaga sanda, ba a taɓa ganin ya sauke ta a bayan saniya ba.