Na Ɗaure Biri Kamar Akuya

Shekara ashirin ina dillancin awaki a kasuwar Zuru, kuma hannuna ɗauri ɗaya ya sani: igiya a ƙafa, turke a ƙasa. Da surukina, tsohon soja da ke zaune a Rikoto, zai tafi jinyar ido, sai ya bar mini jan birinsa. Tun rasuwar matarsa birin ne abokin zamansa. Ya kawo shi da ɗamarar fata a ƙugu. Na ga ta tsufa, na cire, na ɗaure shi a idon sawu, na ja da kyau.

Kwana biyu birin yana fizga. A na uku na miƙa masa gyaɗa, na ga yana jan ƙafar dama. Ya yi tsalle zai kama reshen mangwaro, ƙafar ta zame, ya faɗo. Na kwance igiyar, na duba. Ba jini, ba karaya, sai ɗan kumburi. Amma babban yatsan ya saki.

Ranar na fara kallon ƙafar biri da idon basira. Ashe hannu ce. Tafin dogo, da zane irin na tafin hannuna, babban yatsa ya ware gefe, gindinsa da tudun nama.

Na ɗauko likitan dabbobin da ke duba mana awaki, a kan babur. Ya ga shatin igiya, ya dube ni.

"Alhaji, kofato ka gani a nan?"

"Likita, duba mini, zagin ya biyo baya."

Na riƙe birin cikin buhu. Ya tsikari bayan ƙafar da allura, birin ya zabura. Ya tsikari tafin, shiru. Ya matsa ƙwaurin, sai yatsun suka lanƙwashe da kansu. Na ce ya sake, ya sake. Ya ce manyan tsokokin da ke naɗe yatsu a ƙwauri suke, suna ja daga nesa da wasu igiyoyi da suka ratsa idon sawu. Ƙanana kuma suna cikin tafin, su ke buɗe babban yatsa su matse shi a kan reshe. Jijiyar da ke kai musu umarni ta bayan idon sawu take bi, ta rabu biyu a tafin. Daidai nan na shaƙe.

"Ta tsinke?"

"Ina jin danne ta kawai ka yi. In haka ne za ta farfaɗo, amma ba a yi mata gaggawa."

Kullum da safe kafin kasuwa nakan sa masa karan dawa a tafin, in jira. Har takalmina na cire na gwada ɗaukar karan da nawa yatsun, matata tana dariya. Sati uku ba labari. A na huɗu yatsan ya motsa kaɗan.

Surukina ya dawo a sati na shida. Ban jira ya gano ba.

"Baba, na yi maka ɓarna. Na ɗaure shi a ƙafa."

Ya zauna a kujera, ya miƙa sandarsa. Birin ya hau, ya kama da ƙafar hagu gam, ta dama ta riƙe rabi-rabi, tana rawa. Tsohon ya daɗe yana kallo da idonsa mai magani.

"Zai hau mangwaro?"

"Ƙananan rassa dai, Baba. Likita ya ce saura na tafe."

"To. Kawo mini ɗamarar. Kai kuma ka tsaya kan awakinka."