Matar da Fatalwar Mansura Ta Kasa Razanawa

Wata Talata da hantsi Usta Shahhat (Usta muke ce wa gwanin sana'a) ya banke murfin akwatin gawa, ya miƙe cikin farar riga irin ta likkafani, fuska ta sha alli, ya ɗaga hannu biyu ya kurma ihun da ya shekara goma sha ɗaya yana cin abinci da shi. Mata biyar suka zube ƙasa suna salati. Ta shidan ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta matso ta kama masa hannun riga.

"Shahhat, hammatar nan ta sake ɓarkewa. Ban ce ka daina ɗaga hannu haka ba?"

Matarsa ce, Wagida. Bangon gidan tsoron na falanki ne, duk wanda ke layi a waje ya ji. Ni ma na ji, don na rako ƙanwata. Matan da suka zube suka tashi suna kakkaɓe zani suna dariya, fatalwa kuwa ta koma akwati ta ja murfi da kanta.

Ni ne Attiya mai guga. Barandata tana saman tasu, shekara talatin ke nan. Makaranta aji uku na yi, malamin ya ce in je in huta shi ma ya huta, amma tarihin Gidan Tsoro na garinmu Mansura babu wanda ya fi ni saninsa, tunda ni nake goge likkafanin.

Farkonsa tanti ne. Mai shi, Hagg Bayyumi, wato Alhaji, Allah ya jiƙansa, yana yawo da shi daga maulidin wannan waliyyi zuwa na wancan. A ciki akwai ƙwarangwal na roba da ake ja da igiya, sai madubi mai kumbura ciki. Kirsh biyar ake shiga, 'yan kwabbai, kuma ko kaza ba ta tsorata. Shahhat shi ne mai jan igiya a bayan labule. Wata rana a garin Tanta igiyar ta tsinke, buhun farar ƙasa ya zubo masa a ka, ya fito don ya ba mutane haƙuri. Bai kai ga cewa "ku yi" ba, wani ƙaton mahauci ya fasa tantin da kansa ya fita ta inda babu ƙofa. Hagg Bayyumi ya dubi ramin, ya dubi Shahhat, ya ce, "Gobe ma ka ba su haƙuri."

Daga nan aka jefar da roba aka koma mutane. Da aka buɗe filin wasanni a bakin kogi, Hagg ya gina gidan falanki mai lungu bakwai tsakanin lilo da motocin karo. Ya ɗauko wani dogo ya naɗe shi da bandeji ya zama gawar Fir'auna. Ya ɗauko wani mai siririyar murya ya zama aljanar magudanar ruwa, wadda ke kiran mutum da sunansa. Sunan kuwa mai sayar da tikiti ne ke raɗa masa ta wani bututu. Shahhat shi ne na lungu na ƙarshe.

Gidan yana da dokoki. Ba a taɓa baƙo. Wanda ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, dole ka ja da baya kana kuka, don Hagg ya ce ba za a ce a gidansa aka ga aljanin da ya fi ƙarfin aya ba. Da azumi a rufe, tunda kowa ya san an ɗaure shaiɗanu, wa za ka yaudara? A bakin fita kuma akwai tasar razana, wannan ƙaramar tasar tagulla mai rubutu da kowace kaka take da ita. Duk wanda ya fito sai ya kurɓi ruwa a ciki, kada firgici ya kwana a jininsa.

To wata shekara wata mata daga garin Talkha, shekara bakwai da aure ba ta ko taɓa ɓari ba, ta fito a guje ba ta tsaya ta sha ba, ta bar takalmi ɗaya. Bayan wata goma ta dawo da jariri da tukunyar shinkafa da madara, tana tambayar ina mataccen nan. Dama tsofaffinmu suna cewa razana tana kwance mahaifar da ta ɗaure, shi ya sa a da ake kai mata maƙabarta ko wurin yanka. Sai ga hanya mai sauƙi, har da lilo a gefe. Kafin a ce me, motoci suna zuwa daga ƙauyuka. Aka ware Talata ta mata, ranar akan kife tasar. Ni kaina na san yara huɗu masu suna Shahhat, kuma iyayensu maza ba su so ba.

Shi kuwa gidansa shiru. A layinmu kowace mace da sunan ɗanta ake kiranta, uwar wane, uwar wance. Wagida kaɗai ake kira da sunan yanka, kamar yarinya. Ta sha saiwa, ta sha hayaƙi, ta ɗaura ƙyalle a kabarin waliyyai har ta gaji. Ranar Talatar nan yayyenta ne suka jawo ta, suka ce ga magani a gida kina nema a dawa. Amma ita ce ta ɗinka rigar, ita ke dama allin. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Da yamma na same shi a shagon shayi, ya haɗa kai da gwiwa.

"Usta, in kawo allura ne?"

"Attiya, bar ni. Matan duniya sun haihu a kan ihuna, tawa tana duba ɗinki."

Ban ƙara tsokanarsa ba a ranar. Washegari na ci gaba.

Ya yi ƙoƙarin razana ta, wallahi. Ya laɓe a bayan ƙofar ɗakin girki ya yi tsalle, ta miƙa masa albasa ta ce yanka. Ya kwanta ƙarƙashin gado ya kama mata ƙafa, ta ce tunda kana nan miƙo min tsintsiya. Har ni ya sa a ciki. Muka sayo kan akuya da idonsa a buɗe, na sa a kwandon da muke zura wa mai burodi daga baranda, na sauke shi a hankali daidai fuskarta tana shanya. Ta ɗauka ta juya shi, ta ɗaga kai.

"Attiya, Allah ya saka. Babu ƙafafun?"

Mun sha romo dai.

Shekara uku ana haka. Hagg ya rasu, ɗansa ya karɓi gidan, ya ce alli ya tsufa, ya sayo fuskokin roba daga birnin Fatsa'id masu rufe kai gaba ɗaya. Wata Talata a tsakiyar bazara, zafin da ke narkar da kwalta, Wagida ta kai wa mijinta miyar lalo da azahar. Ta tarar da mata sun taru suna masifa, wai sun wuce lungu na bakwai sau biyu gawa ba ta tashi ba, a mayar musu da tikitinsu. Ta ajiye kwano ta shiga. Ta ƙwanƙwasa akwatin, shiru. Ta buɗe, ta fizge robar. Ga shi nan fuska ta yi shuɗi, baki a buɗe, ba ya motsi.

Ihun da ta yi, mai lilo ya ce sai da ya tsayar da inji. Gawar Fir'auna ce ta saɓa shi a kafaɗa ta fita da shi titi, bandeji na jan ƙasa, mai tasi na farko ya ga haka ya ƙara wuta. Aljanar ruwa ta kawo wa Wagida tasar razana. Wagida ta kai baki, sai ta tsaya, ta dubi ruwan, ta ajiye ba ta sha ba.

Ya farfaɗo a asibiti. Likitan, wani mai yawan tambaya, ya ce 'ya'ya nawa? Da ya ji amsa ya ce an taɓa duba shi kuwa? Shahhat ya ce duba me, ai ni namiji ne. Aka duba. Wasu jijiyoyi ne suka kumbura inda ba zan faɗa ba, aikin rabin awa. Shekara goma sha huɗu baiwar Allah tana shan ɗaci. Na ji ta bango abin da ta ce masa da suka dawo gida. Kalma uku ce: "Shanye sauran saiwar." Ya shanye kuwa, kofi biyu.

Bayan wata goma sha huɗu aka haifi Nagat. Yau in ka ce Wagida a layinmu ba wanda zai gane, sai ka ce uwar Nagat.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne wanne ya yi aikin. Matan unguwa sun ce razana. Likita ya ce wuƙa. Ita uwar Nagat ta ce Allah, ku matsa min in wuce. An rushe gidan tuni, an yi wurin ajiye motoci, tasar tana kan kabad ɗin Shahhat. Makon jiya na tare shi a gaban mutane a shagon shayi.

"Usta, tsakaninka da Allah, yanzu da ka tsufa. Duk matan ƙauyen nan damfara ce ko? Tsoro ba ya kawo haihuwa, kai ne shaida."

Ya ajiye kofi a hankali ya dube ni sama da ƙasa.

"Attiya, 'ya'yanka nawa?"

"Tara."

"To ni sai na shafa alli, sau ɗaya a mako. Matarka kullum ta buɗe ido da safe wannan fuskar take gani. Ka kuma zo kana tambayata ko yana aiki?"