Maɓallan Yaya Nafi'u

A watan nan yayana Nafi'u ya cika shekara goma sha takwas da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Idan lokacin ya zagayo, 'yan'uwa sukan tuna shi da barkwancinsa ko da taurin kansa, wanda duk unguwarmu a Gwarzo an shaida masa. Ni kuwa abin da yake fara zuwar mini shi ne wani ɗan fayil a cikin tsohuwar kwamfutarsa, wanda ko shafi ɗaya bai cika ba. Kusan shekara biyu na yi ina gyara shi, kuma shi kaɗai ne abin da na iya yi masa a duk tsawon jinyarsa.

Gidan kallo yake da shi da farko. Da aka ƙaddamar da Shari'a aka matsa wa gidajen kallo, bai tsaya jayayya da kowa ba, ya sayar da talabijin da kujerun zama, ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu, wai zai riƙa buga wa mutane takardu. Kwamfutar ta tsufa tukuf, hotuna da launuka sun fi ƙarfinta. Wani abokinsa, Malam Auwalu, wanda yake aiki a jami'a, shi ya sa masa wani tsari mai baƙin allo da farin rubutu kawai, ka buga umarni ta bi. Lokacin rayuwa ta yi tsanani, albashi sai an ga dama, wuta ma sai an ga dama, don haka da batirin mota yake lallaɓa ta. Sana'ar buga takardu dai ba ta je ko'ina ba. Abin da ya kama shi karatu ne.

Malam Auwalu yakan kawo masa faya-fayai cike da littattafai, rubutu zalla: tarihi, fiƙihu, noma, har da abin da ban san kansa ba. A shekarun nan kowa ya zama malami, kowace majalisa ana musu a kan abin da Shari'a ta ce da abin da ba ta ce ba. Yaya Nafi'u kuwa ba ya jure jin “an ce”. Sai ya gani da idonsa. Ko wasiƙa ce ba ya yarda a karanta masa, cewa yake mai karanta maka yana tauna maka abinci ne kafin ya ba ka. Karatunsa ma na daban ne, ya yi shafi ɗaya gaba, ya koma biyu baya ya duba ko marubucin bai saɓa wa kansa ba.

Akwai wata 'yar manhaja da yake karatun da ita. Ka buga sunanta da sunan littafin, sai ta buɗe maka shafin farko. Daga nan wani maɓalli yana kai ka gaba, wani baya, wani ya nemo maka kalma, wani ya fitar da kai. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun jera maɓallan ne bisa harshensu, abin ya yi ta ci masa rai, har ya gano cewa akwai fayil ɗin da ake sauya su. Kowane layi a cikinsa abu biyu ne: ga maɓalli, ga aikin da zai yi. Ranar da ya gano haka sai ka ce an yi masa kyautar mota. Ya mayar da g ta zama gaba, b baya, n nema, f fita.

Ni a lokacin ina aure a Kabo, ina koyarwa a firamare. Duk zuwan da na yi gida sai ya zaunar da ni gaban baƙin allon nan, ina so ba na so. “Malama Dije,” yakan ce, “ke da kike koyar da 'ya'yan mutane, a ce akwatin ƙarfe ya gagare ki?” Na koya ne don ya rabu da ni. Ban san ranar amfaninsa tana tafe ba.

Ciwon ta hannun dama ya fara. Kofi ya suɓuce, maɓallin riga ya ƙi shiga. Muka ce gajiya ce. Da aka kai shi asibiti a Kano, likita ya yi mana bayani mai tsawo wanda taƙaicensa shi ne jijiyoyi ne suke mutuwa a hankali, hankalinsa zai tsaya daram, jikin ne zai yi ta janyewa, kuma ba su da maganin da zai tsayar da shi. A gida babu abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi turare, kawunmu na Kara ya zo da wani mai magani da ya rantse sammu ne. Yaya Nafi'u ya sha duk abin da aka ba shi don kada ran Inna ya ɓaci, amma ni da shi mun san inda aka dosa.

Littafin takarda ne ya fara gagararsa, don yatsun ba sa iya kama gefen shafi. Sai ya rage kwamfutar kaɗai. Da hannun dama ya tafi gaba ɗaya, ya aiko a kira ni, ya ce in tattaro masa maɓallan nan huɗu in kawo su kusa da juna a ɓangaren hagu. Na buɗe fayil ɗin, na gyara layi huɗu, ya gwada, ya yi murmushi. Na koma Kabo ranar ina jin kamar na yi wani abin kirki.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk Asabar ina hanya. A shekarun ne aka hana mata hawa acaɓa, sai in tsaya a tasha ina jiran mota ta cika, wani lokaci har rana ta take. In iso, in gaida Inna, in gaida Hajara matarsa, in shiga ɗakinsa. Ba ya ce mini jiki ya yi tsanani. Cewa yake maɓalli kaza ya yi masa nisa. Ni kuma daga abin da ya nemi in matsar nake gane yatsan da ya tafi a wannan makon. Sauran mutane suna tambayarsa ya jiki, yana cewa da sauƙi, ni ina fitowa da ainihin labarin a cikina ba ni da wanda zan faɗa wa.

Nema muka fara yarwa, don sai an buga kalma, shi kuwa ba ya iya bugawa. Sai fita. Hannun ya fara rawa, yakan faɗa kan maɓallin fita ba da niyya ba, littafin ya rufe, ya zauna yana kallon baƙin allo har wani ya shigo. Na cire shi, na bar wata haɗakar maɓallai biyu da ni da Hajara kaɗai muka sani. Hajara ba ta yi boko ba, amma ta haddace siffar haruffan da ake bugawa a buɗe littafi, da safe ta buɗe masa ta koma aikinta. Ta sha cewa a kira wani ya riƙa karanta masa ya huta. Ya ce ranar da aka fara karanta masa, a haɗa da likkafani. Ko maɓallin juya shafi ma bai yarda ta danna masa ba.

Ina kallon wayoyin yau, waɗanda jariri ma yana shafa su da yatsa ɗaya, ina tunanin me zai ce. Na tabbata wadda take karanta maka rubutu da muryarta zai tsane ta. Zai tambaya a ina ake sauya mata maɓallai, a ce masa ba a sauyawa, ya yi tsaki ya miƙa wa mai ita. Amma kwanakin baya wata ɗalibata ta nuna mini bidiyon wani mara lafiya yana juya shafi da ƙiftawar ido kawai. Na kalla har ƙarshe, na ba ta wayarta, na shiga ofis na rufe ƙofa. Haushi na ji, ban kuma san wa zan ji haushinsa ba. Ko da abin yana nan a wancan lokacin, ban ga ta inda zai iso wani ɗaki a Gwarzo da ake karatu da batirin mota ba.

Da yatsu suka daina rabuwa da juna, sai na yi wata dabara da har yau nake ɗan alfahari da ita. Na raba kibod ɗin gida biyu. Duk maɓallin da yake ɓangaren dama na sa shi ya zama gaba, duk na hagu ya zama baya. Ba sai ya nemi harafi ba, ya jefa hannun kawai. Fayil ɗin ya yi tsawo, layi bayan layi suna faɗar abu ɗaya. Ya ce da na yi karatun injiniya da yanzu an huta da matsalar wuta a ƙasar nan.

Sai wata matsala ta ɓullo. Idan hannun ya sauka ba ya ɗaguwa da wuri, shafuka su yi ta gudu har ƙarshen littafi. Wannan ba a fayil ɗinmu ake gyara shi ba. Na bi layi a wurin masu buga waya na kira Malam Auwalu, ya faɗa mini umarnin harafi bayan harafi, ana ta tsaki a bayana. Aka samu ya yi. Amma kafin mu gama murnar wannan, hannun ya daina iya tsallakawa daga wani ɓangare zuwa wani. Inda aka ajiye shi, nan yake.

Na tambaye shi wanne zan bar masa, ko da yake na san amsar. Ya ce ai ba a cin littafi ta wutsiya, in bar gaba. Na zauna na mayar da kowane maɓalli ya zama gaba. Ina bugawa hawaye suna zuba a kan hannuna, shi kuma yana yi kamar bai gani ba. Mutumin da bai taɓa wuce shafi bai waiwaya ba, yanzu abin da ya wuce ya wuce ke nan. Duk da haka shi yake juya shafinsa da kansa, kuma a wurinsa wannan ne komai.

Watanni kaɗan hakan ya yi. Wata Asabar Hajara ta tare ni a tsakar gida ta ce tun ranar Talata shafi ɗaya yake kallo. Hannun yana kan kibod, amma babu nauyin da zai danna. Idan ta leƙo sai ya yi kamar yana nazari. Ta ce jiya ta kasa jurewa, ta shiga ta danna masa ba tare da ta tambaya ba, ya rufe ido bai sake buɗewa ba har ta fita.

Na shiga da shirin dabaru. Na ce za mu ɗora wani abu mai nauyi a bayan hannun, ko mu sauke kibod ɗin ƙasa ya gwada da ƙafa. Ya bar ni na gama zubata. Maganarsa a lokacin ta yi nauyi, sai ka matso ka kasa kunne.

“Dije, bari wahalar da kanki,” ya ce. “Ki dawo mini da na baya.”

Na ce masa ai hannun ba zai kai ba.

“Na Hajara zai kai.”

Ban taɓa jin na rasa abin yi kamar a wannan lokacin ba. Duk tafiyar da na yi ta yi tsakanin Kabo da Gwarzo don kada a zo nan ne, ga shi an zo, kuma shi da bakinsa ya faɗa. Na goge dogon fayil ɗin nan na bar layi biyu, g da b. Ko shayin da Hajara ta kawo mini bai huce ba na gama. Daga ranar ba a sake nemana don gyaran komai ba. Idan na zo sai in same su zaune, ita a gefensa yatsunta biyu a kan kibod, idonta a kan fuskarsa. Ya kalli ƙasa ta danna gaba, ya kalli sama ta danna baya. Ba ta san me aka rubuta ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, fayil ɗin ya tafi da ita. Bai bar gida ba, bai bar rubutu ba, 'ya'yansa ma muryarsa ta lokacin lafiya ƙalilan suke tunawa. Idan na auna, abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne: 'yarsa ta fari da ba ta yarda da “an ce”, da ni da har yau ba na iya karanta wa mara lafiya komai sai na tambaye shi sau biyu ko yana so. Na daɗe ina ɗaukar ranar nan a matsayin ranar da ciwon ya gama cin mu, kuma ban ce na daina ba.

Bana da na je gaisuwar shekara na tambayi Hajara abin da ban taɓa tambaya ba, ko ya ƙarasa littafin da suke kai. Ta ce bai ƙarasa ba. Na ce Allah sarki, lokaci ne bai kai ba. Ta girgiza kai ta ce lokaci ya isa a gama shi har a fara wani, shi ne dai tun da aka dawo masa da maɓallin ya yi ta kallon sama.