Tsanwakar da Na Kai wa Baba a Makare

Shekarun baya, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, idon mahaifina ya fara rauni. Marini ne, a karofin unguwarmu cikin Birnin Zariya ya yi furfura. Ni kuwa sabon malamin firamare ne, mai farar riga da biro biyu a aljihu. In zan wuce ta karofi sai na tattare wando kamar mai tsallake kwata. Ban taɓa tsoma ko yatsa a ruwan rini ba, har alfahari nake yi da hakan.

Akwai wani rimi a gefen karofin da tsanwaka ke sauka a kansa, tsuntsuwar nan mai shuɗin fiffike. Duk sanda ta tashi, Baba kan saki zanen da ke hannunsa ya bi ta da kallo har ta ɓace. Yakan ce shekara arba'in yana neman launin fiffiken nan a rini, bai taɓa ganinsa kusa ba.

Da idon ya yi nauyi bai bar aiki ba, da harshe yake ɗanɗana ruwan rinin ya san ko ya nuna. Wata ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci, ina riƙe da hannunsa, ya ce, "Da zan ga tsuntsuwar nan a tafin hannuna sau ɗaya kafin idon nan ya rufe, da na gode wa Allah."

Na ce, "An gama, Baba. Ai ƙaramin aiki ne."

Na kifa kwando a gindin rimi, na watsa gero. Kwana uku ina kama tantabarun maƙwabta ina ba da haƙuri. Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malamin makaranta, an ce maka kaza ce? Fara take ci!"

To, a nan gizo ke saƙar. Ni da ɗalibai ke gaishe ni a hanya, a gan ni a fako ina bin fara da gudu? Na ce sai an yi hutu. Da hutu ya zo na ce sai ruwa ya ɗauke. Baba bai sake tuna mini ba ko sau ɗaya, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin babu gaggawa. Wata biyar suka wuce kafin na je Tudun Jukun wurin wani abokina mai ɗana tarko. Cikin kwana biyu ya kawo mini ita a keji.

Na fito da Baba ƙofar zaure inda rana ta fi haske, na sa masa ita a hannu. Ya buɗe fiffiken a hankali, ya kai shi dab da idonsa, ya juya nan, ya juya can. Ya daɗe.

"Duhu ne kawai," in ji shi. Sai ya ɗora yatsa a kafaɗar fiffiken ya ce, "Ara mini idonka. Nan wane launi ne?"

Na ce, "Shuɗi ne, Baba."

Ya matsa zuwa tsakiya. "Nan fa?"

"Shi ma shuɗi ne."

"Wane iri? In zane ne, tsomi nawa zai kai shi haka? Uku? Bakwai?"

Ban sani ba. Ina ganin launi uku ko huɗu ƙarara a gabana, amma kalma ɗaya tak nake da ita. Ya yi murmushi, ya shafa kanta, ya buɗe hannu ta tashi. Ya ɗaga fuska wajen da ya ji ƙarar fiffikenta.

Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Na daɗe da yafe wa kaina wautar geron, jinkirin ma na roƙi gafara a kansa. Abin da ya ƙi barina shi ne tambayar nan. Wallahi ina kewarsa. Yanzu na girme shi a shekaru, kuma duk sanda na ga tsanwaka a kan wayar lantarki sai na tsaya ina lissafi a zuci, tsomi uku ne ko bakwai. Har yau ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.